Yadda Ake Kai Iyali Ziyarar Kufai a Dazukan Bauchi da Gombe

Kufai yakan sanar da kansa tun daga nesa. Kana tafe cikin sabara da kalgo, sai ka hangi manyan kukoki biyar ko goma sun yi cincirindo wuri ɗaya, ga tsamiya a tsakaninsu. Kuka ba ta cika taruwa haka da kanta ba. Inda ta taru, galibi mutane sun taɓa zama, sun sha miyarta sun watsar da 'ya'yanta a juji. Da ka matso ƙasa za ta koma toka-toka, tsingaro ya fara ƙara a ƙarƙashin takalmi, ga dutsen niƙa a kife wanda hannun mata ya rarake tsakiyarsa, ga wani dogon tudu da ya kewaye wurin, wanda a da ganuwa ce. Yaron da ya taɓa ramin dutsen niƙan nan da tafin hannunsa ba zai manta ba, domin gani ya kori ji.

Kai iyali irin wannan wuri abu ne mai yiwuwa, har da yara 'yan shekara shida ko bakwai. Sharaɗi biyu ne ke riƙe da tafiyar gaba ɗaya: a shiga ta hannun mutanen da ke da wurin, kuma a auna nisa da lokaci da ƙafar mafi ƙanƙanta a cikin ayarin. Duk sauran bayanin da ke ƙasa daga nan ya samo tushe.

Mataki na farko: zaɓen wuri

Jihohin nan biyu suna da kufai iri-iri, kuma wahalarsu ba ɗaya ba ce.

Wanda ya fi dacewa da fitar farko shi ne Burmi, wanda ake rubutawa Mbormi, a ƙaramar hukumar Funakaye kusa da Bajoga. Nan ne sojojin Ingila suka cim ma Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na Ɗaya bayan ya bar Sakkwato da niyyar hijira zuwa gabas. A ranar 27 ga Yuli, 1903 aka yi karon ƙarshe, aka kashe Sarkin Musulmi tare da ɗaruruwan mabiyansa, Manjo Marsh da ya jagoranci Turawan shi ma ya mutu a wurin, aka rushe garin bai kuma sake tashi ba. Wurin ba hawan dutse ba ne, abin hawa yana kai mutum kusa, kuma akwai tarihin da za a ba yara wanda suke ji a makaranta. A tuna cewa maƙabarta ce. A shiga da sallamar da ake yi wa ma'abota kabari, a hana yara guje-guje.

Iri na biyu su ne tsofaffin garuruwan kan dutse. A zamanin hare-hare mutane da yawa sun zauna a bisa duwatsu don tsaro, da aka samu kwanciyar hankali a zamanin Turawa suka sauko gindin dutse kusa da gona da hanya. Haka ya faru a ƙasar Tangale, inda har yau ake kiran tsohon mazaunin Billiri da sunan Kufai, haka a Kirfin Sama da ke Kirfi, haka a duwatsun Ningi. A irin waɗannan wurare za a ga tushen ɗakuna na dutse da aka jera ba tare da laka ba, da gindin rumbuna. Hawan yana cin ƙarfi, saboda haka a bar su sai yara sun kai shekara takwas zuwa goma.

Na uku, abin da ke cikin Gandun Dajin Yankari a Alkaleri. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. A ciki akwai kogunan Marshall, ɗakuna 59 waɗanda mutanen dauri suka fafe a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey fiye da ɗari, da gomman tsofaffin murhunan narka tama a Shau Shau. Amma dajin giwa ne da ɓauna. Ba a taka ƙafa a ciki sai da ma'aikacin gandun, a motar da aka amince da ita, kuma inda ya ce a tsaya nan ake tsayawa. Daga ƙofar Mainamaji zuwa sansanin Wikki kimanin kilomita 40 ne, a sa wannan cikin lissafin mai da lokaci.

Kada kuma a raina kufan da ke bayan ƙauyenku na asali. Kusan kowane gari yana da inda kakanni suka taso, kuma tsofaffin da suka san wane gida ne na wa suna nan da rai. A ganinmu wannan ya fi kowanne amfani ga yaro.

Mataki na biyu: a bi ta hannun masu wurin

Kufai babu mazauna, amma yana da masu shi. Akwai zuriyar waɗanda suka tashi, akwai mai gonar da ta ci gefensa, akwai kaburbura, a wasu wuraren kuma akwai inda ake al'adun gargajiya wanda baƙo ba ya shiga, ko mace ba ta shiga, ko ba a zuwa a wasu ranaku. Da ɗan gari akan ci gari.

Maigida ya je shi kaɗai mako guda kafin ranar, ko aƙalla kwana biyu. Ya nemi mai unguwa ko jauro, shi zai kai shi wurin dagaci. A riƙe ɗan goro ko abin da ya sawwaƙa, a gaisa yadda ya kamata, sannan a faɗi buƙata a fili: “Ranka ya daɗe, ni mutumin Gombe ne, ina son in kawo iyalina su ga kufan nan ranar Asabar. Mu shida ne, uku yara. Muna neman izini, kuma a haɗa mu da wanda ya san wurin.” Faɗin adadi da rana yana da muhimmanci, don kada mutanen gari su ga baƙuwar mota a bakin daji hankalinsu ya tashi. A wannan zamani baƙon da aka gani yana ɗaukar hoto a daji ba tare da sanin kowa ba yana iya jawo wa kansa zargin da bai ji ba bai gani ba.

Ɗan jagoran da ya fi shi ne maharbi, ko makiyayi, ko manomin da gonarsa ke kusa. In akwai sarkin baka a garin, a nemi ya zaɓo mutum. A yi cinikin ladansa tun kafin ranar, a kuma lissafa shi cikin ruwa da abinci. Ga tambayoyin da za a yi masa, kuma kada a karɓi “ai nan ne kusa” a matsayin amsa, domin kusan maharbi yakan zama tafiyar awa biyu ga ɗan birni. Daga inda mota take tsayawa, in an tashi bayan sallar asuba, rana tana ina ake isa? Akwai rafi ko kwazazzabo a hanya? Rijiyoyi nawa ya sani a cikin kufan? Wace bishiya ce ke da zuma? A ina waya take kamawa? Yaushe rabonsa da wurin? Wanda ya ce rabonsa da wurin tun bara, a nemi wani.

Sai maganar tsaro, wadda ba a yi mata kara. A 'yan shekarun nan an samu matsalar 'yan bindiga a wasu dazuka na Toro da Ningi da Alkaleri, kuma lamarin yana sauyawa daga wata zuwa wata. A tambayi dagaci, a tambayi 'yan banga, a leƙa ofishin 'yan sanda na yankin, sannan a sake kiran ɗan jagora a daren da za a tashi. Ma'auni mai sauƙi: shin matan ƙauyen suna zuwa itace ta wannan hanya? Manoma suna kwana a gonakin da ke can? In amsar a'a ce, ko aka ga mutane suna jan baki, a fasa. Kada a sanar da ranar tafiya a Facebook ko a dandalin WhatsApp mai jama'a da yawa. Hotuna sai an dawo.

Mataki na uku: wata da sa'a

Daga tsakiyar Disamba zuwa tsakiyar Fabrairu ne lokacin. An gama girbi, ciyawa ta bushe ko ta ƙone, ana ganin inda ake taka ƙafa, hunturu ya sanyaya safiya. A damina ciyawa takan fi yaro tsawo ta rufe bakin rijiya, rafi yakan cika cikin minti kaɗan ko da a wani wuri aka yi ruwan, kuma laka tana riƙe mota. Oktoba da Nuwamba lokacin kaka ne, maciji ya fi yawo a cikinsa. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan kai digiri 40, wannan ba lokacin fita da yaro ba ne ko kaɗan.

A fara takawa da ƙarfe bakwai na safe, a kasance an dawo mota kafin azahar. Kafin a tashi a tsayar da sa'ar juyowa, misali ƙarfe goma da rabi, a faɗa wa kowa. In sa'ar ta yi, ko ana hangen kukokin kufan, a juya. Yawancin wahalar da ake sha a daji daga “saura kaɗan” take farawa. Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida a wannan lokaci, in akwai hazo kuwa duhu yakan riga haka.

Mataki na huɗu: lissafin nisa da ruwa

Babba mai lafiya yana cin kilomita huɗu a awa a kan hanya mai kyau. Ayari mai ɗan shekara shida ba ya wuce kilomita biyu a awa in an haɗa da hutu, cire ƙaya da “Abba, mene ne wannan?” In da hawan dutse, a ƙara rabin awa kan kowane hawa mai tsawon mita 150 zuwa 200. A fitar farko kada zuwa da dawowa su wuce kilomita shida.

A ɗauki misalin kufan da ke kilomita uku daga mota. Zuwa awa ɗaya da rabi, zama a can awa ɗaya, dawowa awa biyu saboda gajiya da rana. Awa huɗu da rabi ke nan. Babba yana buƙatar kimanin rabin lita a kowace awa a sanyin hunturu, fiye da haka in rana ta ɗaga, don haka a ware masa lita uku. Yaro lita biyu. Maigida da uwargida da ɗan jagora lita tara, yara uku lita shida, jimla lita 15. Ledar fiya wata rabin lita ce, jaka guda leda 20, ke nan jaka ɗaya da rabi. Nauyinsa kilo 15 ne, a raba wa manya a jakar goyo, a ba kowane yaro gorar rabin lita a hannunsa. Gorar roba ta fi leda a cikin jaka, domin leda tana fashewa in an jingina da dutse. Ban da wannan a bar jarka mai lita goma a mota don alwala, wanke rauni da lagireto.

A raba ruwan kashi uku a zuci: ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya na ko-ta-kwana. In kashin farko ya ƙare ba a isa ba, an kai wurin juyowa ke nan. Iskar hunturu tana busar da zufa nan take, mutum ba ya jin yana rasa ruwa, shi ya sa ake tsayawa duk bayan minti 20 zuwa 30 kowa ya kurɓa ko bai ji ƙishirwa ba. Ruwan tafki da na kududdufi ba na sha ba ne, ba kuma na wasa ba, saboda tsargiya.

Abinci mara lalacewa: dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, dafaffen ƙwai, burodi, lemo, ayaba. Kilishi yana jawo ƙishirwa, a rage shi. Kunun aya da fura da nono suna tsami a zafi, a bar su cikin kula a mota su zama tukwicin dawowa.

Mataki na biyar: sutura da kaya

Takalmi ne kan gaba. Silifas da takalmin soso ba sa shiga wannan tafiya. Kowa ya sa rufaffen takalmi mai kaurin ƙasa, kambas ko but, da safa mai kauri, a tura ƙafar wando cikin safa. Yawancin saran maciji a ƙafa yake samun mutum, daga idon sawu zuwa ƙasa, kuma wannan shiri yana tare ƙarangiya da kaska. Sabon takalmi yana sa bororo, a sa shi kwana uku a gida tukuna. Mata da 'yan mata su sa wando mai kauri a ƙarƙashin zani ko siket, hijabi kuma ya zama gajere, domin dogo yana sarƙewa a ƙaya yana kuma tare ganin ƙasa wajen sauka daga dutse. Malafa ko hula mai baki ga kowa, da rigar sanyi mara nauyi don safiya, da man shafawa a leɓe da ƙafa.

Ranar nan a haƙura da turare, da humra, da man gashi mai ƙamshi. Ƙamshi yana jawo zuma. A wuraren da ke da tsando, kamar bakin kogin Gaji a Yankari, a guji shuɗi da baƙin tufafi, su ne launin da ya fi bi.

A jakar maigida: bandeji mai faɗi biyu, filasta, auduga, maganin wanke rauni, hantsaki, almakashi, farasitamol na manya da na yara, fakitin gishiri-da-sukari na kemis guda huɗu, tocila, fawa-bank, igiya mai ƙarfi mita 15 zuwa 20, da zani guda na daban wanda zai iya zama inuwa, shimfiɗa ko makara. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a aljihu, ƙurar hunturu da tokar gobara suna tayar da ita. Kowane babba da sanda, kowane yaro da usur a wuya. Adda ta zauna a hannun ɗan jagora, baƙo da makami a ƙauyen mutane ba ya kyan gani.

Mota ta cika da mai, a duba tayar safaya da jak. A sauke taswirar yankin a Google Maps tun a gida yadda za ta buɗe babu intanet, a sa alama a inda aka ajiye mota. A bar motar a ƙofar gidan mai unguwa, in da sauran nisa a ƙarasa da acaɓa. A gida kuma a bar wa wani ɗan'uwa sunan ƙauyen, lambar ɗan jagora da sa'ar da za a kira shi, tare da abin da zai yi in sa'ar ta wuce da awa biyu bai ji kowa ba. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, sai dai a daji mutanen ƙauye ne za su riga kowa isowa.

Jariri da mai tsohon ciki su zauna a gida. Goyo yana ƙara zafi ga uwa da ɗa, kuma uwa mai goyo in ta zame a dutse ba ta da yadda za ta kare shi.

Mataki na shida: tsarin tafiya

Ɗan jagora a gaba, mafi ƙanƙantar yaro a bayansa, sauran yara, uwargida, maigida a ƙarshe. Babu mai wuce na gaba, babu mai zama bayan na ƙarshe. A bi sawu ɗaya. Duk inda aka huta a ƙirga kawuna kafin a tashi.

Tun a gida a koya wa yara abu uku, a maimaita a bakin daji. Ba a sa hannu a rami, ko kogon bishiya, ko ƙarƙashin dutse. Ba a tsallake gungume ko dutse, ana hawa kansa a duba bayansa sannan a sauka. In ka ga ba ka ganin kowa, ka tsaya cak inda kake, ka busa usur sau uku, ka jira, ka sake busawa. Yaron da ya ɓata yana tafiya neman mutane shi ne ke wahalar samu. A kowace mararraba a juya a dubi hanyar ta baya, domin daji yana sauya kama in an juyo, a ɗauki hotonta a waya.

In an haɗu da garke a tsaya gefe a yi sallama da makiyayi, kada yara su ratsa tsakanin saniya da ɗan maraƙinta. In kare ya taso, a tsaya, ba a gudu. In an hangi hayaƙi ta inda iska ke busowa, a nufi wurin da ya riga ya ƙone, ko fako, ko falalen dutse. Wuta ta fi gudu in tana hawan tudu, don haka ba a guje mata ta sama.

Mataki na bakwai: cikin kufan

A tsaya a bakinsa tukuna. A yi addu'ar sauka a masauki, “A'uzu bi kalimatillahit tammati min sharri ma khalaƙ”, Kirista ya yi tasa, a zaunar da yara a inuwar da ɗan jagora ya duba, shi da maigida su zagaya su dawo. Sannan a shiga tare.

Babban haɗarin kufai a ƙarƙashin ƙafa yake. Tsohuwar rijiya ba ta da baki kamar ta gida. Itatuwan da aka gitta mata gara ta cinye su, ganye da ƙasa sun rufe sama, abin da ido zai gani shi ne ɗan lotsawa mai faɗin tabarma, ko wani kurmin ciyawa da ya fi na kewaye kore a tsakiyar rani, ko ƙaramar bishiyar ɓaure da ta fito daga ƙasa kai tsaye. Duk inda aka ga haka a kewaye shi da taku uku. Ramukan marina su ma haka suke, sai dai su a jere suke zuwa, in ka ga ɗaya akwai wasu a gefensa. Mai gaba ya riƙa dukan ƙasa da sanda, wuri mai rami a ƙasa yakan yi amo kamar ganga. A yankin Toro akwai ƙarin tsofaffin ramukan haƙar kuza, wasu cike da ruwa mai zurfi.

In wani ya faɗa rijiya, kada kowa ya bi shi. Iskar ƙasan tsohuwar rijiya tana iya sumar da mutum cikin daƙiƙu, sau da yawa mai ceto ne ke zama gawa ta biyu. A yi masa magana, a zura igiya da madauki ya sa a ƙarƙashin hammata in yana iya motsi, a ɗaure ɗaya bakin a bishiya, a tura ɗan jagora ya kira mahaƙa rijiya da mutanen gari.

Katangar ƙasa da ta shekara babu yaɓe tana cinyewa ne daga gindi. Ba a jingina da ita, ba a hawa, ba a zama a inuwarta. Ɗakin da ke da sauran rufi a leƙa shi daga ƙofa. Katangar dutse ta kan tudu kuwa maɓoyar maciji ce da kunama, a kalle ta da ido. Kogo mai warin kashin jemage ba wurin yara ba ne, ƙurarsa tana cutar da huhu, kuma beguwa ko kura na iya zama a ciki.

Abin da za a nuna wa yara yana da yawa in an san shi. Duwatsu a da'ira mai faɗin taku uku zuwa huɗu tushen ɗaki ne. Ƙaramar da'ira mai duwatsu a tsaye gindin rumbu ce, an ɗaga shi ne don gara da danshi. Baƙin dutse mai nauyi da ƙofofi kamar soso, mai sheƙi, kashin tama ne, alamar an narka ƙarfe a wurin. A ɗauki tsingaro a duba zanen da ke jikinsa, wani da igiya aka murza shi tun yumɓun yana ɗanye, wani da tsinke aka tsaga. A bar ɗan jagora ya yi bayani da bakinsa. “Baba, ina ƙofar garin take? Me ya tashe su?” Amsar takan zama yaƙi, ko ƙafewar ruwa, ko annoba, ko sabuwar hanya da ta bi ta wani wuri.

Abin da aka ɗauka a mayar da shi daidai inda yake. Dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi da kayan tarihi ta ƙasa ta hana tono da cinikin kayan tarihi ba tare da izini ba. Ko babu doka, tsingaron da aka raba da wurinsa ya zama fasasshiyar tukunya kawai. Ba a rubuta suna a jikin kuka ko dutse, ba a hura wuta, ledar ruwa da ɓawon ƙwai su koma jaka.

In abu ya faru

Macijin da ya fi yin ɓarna a wannan yanki shi ne kububuwa, wadda ake wa laƙabi da gobe-da-nisa. Ƙarama ce, ba ta cika wuce rabin mita ba, launinta ya saje da ƙasa da busasshen ganye. In ta ji motsi takan naɗe ta riƙa goga jikinta, ta ba da wani sauti kamar an ɗiga ruwa a tafasasshen mai. Wanda ya ji wannan ya tsaya, ya gano inda take, ya ja da baya. Dafinta yana hana jini daskarewa, kuma mutum yana iya jin sauƙi a ranar farko, sai daga baya jini ya fara fita ta dasashi, ta fitsari, ta tsohon rauni. Saboda haka duk wanda maciji ya sara asibiti za a kai shi nan take, ko ya ce ba ya jin komai.

A janye shi daga wurin, a kwantar masa da hankali, a cire zobe, awarwaro, agogo da takalmi kafin kumburi. A ɗaure ƙafar da sanda sako-sako kamar karaya don kada ta motsa, a ɗauke shi a zani ko a goye har zuwa abin hawa, a rubuta sa'ar da abin ya faru. Ba a ɗaure sama da saran da igiya ko roba, yana kashe ƙafa. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a tsaya neman macijin. A ba da farasitamol kaɗai, domin asfirin da ibufurofen da dikulofenak suna ƙara zubar jini. Allurar kashe dafi ce magani. Akwai asibitin saran maciji a Kaltungo, kuma tun kafin tafiya a bincika wane asibiti mafi kusa ne ke da allurar a hannu. In gamsheƙa ta yi tofi a ido, a wanke da ruwa mai yawa na minti 15, a tafi asibiti. Harbin kunama ga babba zafi ne, ga ƙaramin yaro kuwa a kai shi a duba.

Zuma tana son kogon kuka. In ta taso, a ɗauki ƙananan yara, a rufe fuska da mayafi, a gudu a miƙe nesa da bishiyar, ba a tsayawa kaɗe-kaɗe. In an tsira a kankare ƙarin da farce ko gefen kati. Kumburin fuska ko leɓe, shaƙewar murya, wahalar numfashi, ko harbi masu yawa a jikin yaro, duk na asibiti ne cikin gaggawa.

Zafi kuwa a hankali yake kama yaro. Mai surutu ya yi shiru, ya ce kansa na ciwo, fitsarinsa ya yi ja ko ya ƙi zuwa. A kai shi inuwa, a sassauta tufafi, a jiƙa masa kai da wuya, a ba shi ruwan gishiri-da-sukari kaɗan-kaɗan. In babu na kemis, lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Tafiya ta ƙare ke nan, sai komawa. In ya fara sambatu ko ya suma, a yi ta zuba masa ruwa ana fifita har a isa asibiti, kada a ɗura masa komai a baki.

Komowa

Saukowa daga dutse ta fi hawa kayar da mutane, ƙafa ta gaji kuma tsakuwa tana mirginawa. A sauko a karkace, taku gajeru, babba a ƙasan yaro. A bi hanyar da aka zo, a ƙi duk wani yanke da ɗan jagora bai sani ba.

A ƙauye a koma wurin dagaci ko mai unguwa a ce an fito lafiya, a yi godiya, a sallami ɗan jagora. In an ga sabon rami da masu tono suka yi, ko buɗaɗɗiyar rijiya a kan hanyar makiyaya, a faɗa masa. A kira ɗan'uwan da ke jira a gida.

Da dare kafin wanka a duba jikin yara da tocila: bayan kunne, cikin gashi, hammata, cibiya, matsematsi da bayan gwiwa. In an samu kaska a kama ta da hantsaki dab da fata a ja a miƙe a hankali, ba a ƙona ta, ba a shafa mata kalanzir, sannan a wanke wurin da sabulu. A zazzage takalma da jakunkuna a waje. Duk wanda zazzaɓi ya kama cikin mako biyu zuwa uku bayan tafiyar, a kai shi asibiti a gaya wa likita an shiga daji, a faɗi ranar da wurin.